Baƙin Rubutun Gidan Nomau

Ku matso, masu son gardama, yau na zo muku da abin da za ku kai la'asar kuna yi wa juna ihu a kansa.

A Tungar Bawa an yi wani mai fenti, Malam Nomau, wanda ya ƙirƙiro wani irin rubutu nasa: baƙi wuluk, haruffa masu kauri kamar tabarya, kowane da ƙayoyi sama da ƙasa. Da shi yake rubuta kirari a bayan manyan motoci, kuma bai taɓa yarda ya rubuta ƙarya da shi ba ko nawa za a ba shi. Shi ya sa direbobi ke gaskata shi, alhali allunan gefen hanya masu siraran haruffa ko kallo ba su ishe su ba, don sun gaji da ganin "ana aiki a gaba" inda ba a taɓa kafa ko shebur ba. Da ya rasu ya bar matarsa Inna Kulu da 'ya'ya uku: Dije, Mati da Sallau.

Wata ranar kasuwa a tsakiyar damina, Inna Kulu ta bi motar safe zuwa tsallaken kogi sayen kayan miya. Da hantsi ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya, kafin azahar kogi ya tafi da gada ɗungum. Sabis ɗin waya ya ɗauke. Dije ta tsaya a bakin gaɓa tana hangen tsallake, don ta san hanyar can: gangare ne bayan kwana, direba ba ya ganin gadar sai ya iso kanta, kuma motar da uwarsu za ta dawo a ciki ta kusa tasowa. Wasu suka ce a je a ɗaga hannu, wasu suka ce a jera duwatsu. Dije ta san duk shirme ne. A wannan dajin, direban da ya ga mutum na ɗaga hannu ko ya ga an tare hanya, cewa zai yi 'yan fashi ne, ya ƙara wuta.

"Rubutun Baba kaɗai zai tsayar da shi," in ji ta. "Ku ciro ƙofar shago."

Dije ce kaɗai uban ya koya wa ƙirar haruffan, inda ake kumbura su da inda ake matse su. Ta durƙusa da alli kan ƙofar, ta zana TSAYA GADA TA KARYE. Da wani ne ya zana, ko makaho cikin direbobi zai gane ba hannun gidan Nomau ba ne.

Amma tsoro ya sa ta zuba ƙayoyi da ado kamar a bayan mota ne, inda mai bin ta ke da lokacin karantawa. Mati, wanda shi ke riƙe da buroshi tun uban na da rai, ya ja da baya can nesa ya kanne ido, ya ce daga nan ba ya ganin komai sai cincirindon tururuwa. Dije ta hau shi da faɗa, shi kuwa ya ɗauki buroshi. Ya rage ƙayoyin ya bar waɗanda da su ake gane hannun gidansu, ya buɗa tsakanin haruffa, ya kuma haɗa fentin yadda zai kama katako nan take ba tare da ruwa ya wanke shi ba.

Sallau kuwa tun tuni ya guje wa sana'ar ya bi masunta, har a gida ake ce masa bare. Shi ya ɗaure ƙofar kan manyan goruna biyu, rubutu na kallon sama, ya faɗa kogin da masu kwalekwale suka ƙi shiga. Dije na kallo kututture ya doke shi, ya nutse, ya taso, bai saki igiyar ba. Ya fita can ƙasa, ya kinkimi ƙofar ya haye gangaren, jini na bin ƙafarsa.

Motar ta ɓullo. Direba ya hango ƙato ba riga jina-jina a gefen hanya, ya danna mai. Dije da ke tsallake ta ji kukan injin ya ƙaru, ta rufe ido. Sai idon direba ya faɗa kan baƙaƙen haruffan, ya gane su, ya karanta su a kallo guda, ya take birki da ƙafa biyu. Motar ta ja jiki cikin taɓo har ta tsaya ƙasa na zaftarewa a gaban tayoyinta. Inna Kulu ta sauko da ƙafarta, tare da duk mutanen ciki.

Bayan haka direbobi suka roƙi a kafa ƙofar nan a tasha don tunawa, a sa sunan mai aikin a ƙasan allon. To, sunan mutum ɗaya masu fenti ke sawa a wannan kusurwa, kuma a gidan Nomau wanda aka sa sunansa shi ne mai shago daga ranar. Aka kai wa Inna Kulu maganar, ta ce ita ba ta zaɓi tsakanin idonta na dama da na hagu, balle uku.

Saura ku. Ba don Dije ba direba ba zai gaskata ba, ba don Mati ba ba zai iya karantawa ba, ba don Sallau ba ba zai gani ba. Sunan wa za a rubuta a ƙasan ƙofar?