Furar da Nomau Bai Sha Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da, tun ana biyan ɗan ƙwadago da hatsi ba da kuɗi ba. Sunan garin kada ku tambaye ni, don in na faɗa, wani a cikinku zai ce kakansa nake zagi. Sunan mutumin Dogara. Ɗan Katolika ne kamar ni da ku, amma ba na bencin gaba ba. Can baya yake zama kusa da ƙofa, da carbinsa da sandarsa, don kurkunu ya taɓa cin ƙafarsa ya bar shi da ɗingishi. Gonarsa ba ta da girma, rumbunsa ɗaya, da 'yan awaki. Shi da matarsa Tabita ne kaɗai a gida, 'ya'yansu sun yi aure a nesa. Saboda ƙafar nan, kowace damina sai ya ɗauki mutum guda ya taya shi noma.

To, ku saurara. A garin nan akwai ƙa'ida tun kaka da kakanni. Wanda ya yi maka noma daga safe zuwa la'asar, ladansa mudu biyu na dawa, ga kuma furar rana da matar gida za ta kai gona. Ba a rubuta ba, amma kowa ya sani. Mudu biyu kan yi wa mutum da iyalinsa tuwo, har a tashi da ɗan na koko.

Sai wata shekara fari ya faɗa wa ƙasar da ke arewa da su. Mutane suka taso da mata da yara, suka sauka a bayan kasuwa, suka kakkafa bukkoki. Da safe in ka leƙa ƙofar gida, sai ka tarar da maza a tsugune da fartanyoyinsu, kowa yana cewa a gwada shi. Hannu ya yi yawa, aiki bai ƙaru ba.

Akwai Sarkin Noman garin, ana ce masa Filibus. Mutumin kirki ne a idon jama'a, kada ku ɗauka wani dodo ne. Shi ya sayi ƙararrawar coci, kuma baikonsa ba ya yankewa. Wata Lahadi bayan an tashi daga Mas, ya tara manoma a gindin mangwaro ya ce Allah ya kawo musu sauƙi har gida. Tun da ma'aikata sun yi yawa, daga yau ladan yini rabin mudu ne da furar rana. Ya ce baƙin ma sun yarda, ai da babu gara ba daɗi. Wanda kuma ya biya fiye da haka ya ɓata wa 'yan'uwansa kasuwa, ba za a je masa gayya ba. Kun san gayya a wancan zamani: ranar da gari zai taru ya nome maka gona, gobe ku taru a ta wani. Mai ɗingishi in an cire shi daga gayya, an gama da shi. Kowa ya ce ya yi. Dogara yana can baya, ya ɗauki sandarsa ya tafi gida.

Washegari ya ɗauki ɗaya daga cikin baƙin, wani dogo mai suna Nomau, Musulmi, mai mata da yara uku. Suka yi ciniki a kan rabin mudu kamar kowa. Nomau ya kama aiki, ba hira, ba kallon rana. Da rana ta take, Tabita ta kawo curin fura da ruwa a ƙwarya don kowa ya dama nasa. Dogara ya dama ya sha. Ya ɗaga kai sai ya ga Nomau ya juya baya, ya tsinki ganyen kalgo ya ƙunshe curinsa, ya cusa a aljihu, ya shanye ruwan zalla, ya koma kan kunya. Dogara ya ce a ransa wataƙila cikinsa ne ba daɗi. Kashegari ma haka. Da ya ga abin ya zama kullum, sai ya tambaye shi ko furar Tabita ce ba ta yi masa ba.

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, furar ba ta da laifi. Rabin mudu ne ba ya zagaya mutum biyar. Ƙaramar tawa in ta hango ni, aljihuna take fara dubawa."

Jama'ar Allah, mutum yana huɗa tun safe da ruwa kaɗai a cikinsa. Dogara ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ga shi da furarsa a ciki ya yi nak. Da la'asar ya shiga rumbu ya auno mudu biyu ya juye wa Nomau a buhu. Nomau ya ce an yi kuskure, ai rabi suka yi da shi, kuma shi ya yarda da bakinsa.

Dogara ya ce, "Ba kai ka yarda ba, ɗan'uwa, yunwa ce ta yarda. Ni kuwa ba yunwa na ɗauka aiki ba, kai na ɗauka."

Ya kuma ce wa Tabita daga ranar ta riƙa dama furar tun daga gida, don damammiya ba ta ƙunsuwa a ganye, dole mai ita ya sha a gona. Ku riƙe wannan da kyau: abu biyu ya yi. Ya cika mudu don yara su ci, sannan ya dama fura don uban ya sha. Ɗaya ba ya tafiya sai da ɗayan.

Magana ba ta kwana a bayan kasuwa. Sauran baƙi suka fara tambayar iyayen gidansu me ya sa gurgu yake biyan mudu biyu, masu rumbuna jere suna biyan rabi. Sarkin Noma ya aika a kira Dogara. Bai yi masa tsawa ba, da lallashi ya fara. Ya ce ai tausayi abu ne mai kyau, shi ma yana da shi. In Dogara yana son taimakon mutumin, ya biya shi rabi a gaban jama'a, in ya so ya bi shi a ɓoye ya ba shi sauran a matsayin sadaka, ga lada wurin Allah, ga zaman lafiya a gari.

Dogara ya jingina da sandarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, sadaka daga abina take fita. Wannan kuwa nasa ne, guminsa ne. Yaya zan riƙe wa mutum abinsa, in miƙa masa a ɓoye, ya durƙusa ya yi mini godiya?"

Sarkin Noma ya ce to, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Aka cire Dogara daga gayya. Ranar da ya kamata gari ya zo gonarsa, Tabita ta riga ta jiƙa gero, ba wanda ya leƙo. A coci mutane suka daina zama a bencinsa. Mutanen da suke karɓar Jibi Mai Tsarki tare da shi, su ne suke kau da kai in sun gamu a hanya. Wannan ya fi yunwa yi masa ciwo.

Tun da ba gayya, aikin da gari zai yi a yini ɗaya ya koma kan Nomau da mai ɗingishi, kullum kuwa mudu biyu yana fita. Rumbu ya fara sauka. Tabita ba muguwa ba ce, amma ita ke shiga rumbun, ita ta san inda hannunta yake kaiwa. Ta ce masa ko mudu ɗaya ya mayar, ai ya fi na kowa a garin. Ya ce mata ya auna a ransa, mudu ɗaya ma ba zai hana mutumin ƙunshe fura ba. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta ci gaba da dama fura. Suka sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya suka sayi dawa da tsada. Ana tsakiyar marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, Tabita ta share gindin rumbu da tsintsiya. Dogara ya raba abin da ta tara gida biyu, ya ba Nomau rabi, ya ce masa ba shi da sauran abin biyansa, ya yafe masa. Nomau ya ce shi ne zai ce a yafe masa. Suka rabu kowa yana share ido.

Ina Nomau zai je? Gonar Sarkin Noma, inda aiki ba ya ƙarewa, a kan rabin mudu.

Yanzu ku saurara, nan ne zancen yake. Sarkin Noma ya lura ma'aikatansa ba su da ƙarfi, kuma ya ji labarin dabarar Dogara. Sai ya ce lalle gurgun nan ya yi tunani. Ya sa a riƙa kai wa ma'aikata fura a dame, don kowa ya sha ya ji ƙarfin yi masa aiki, a daina sace masa ƙarfi ana kai wa gida a ganye. Ya ɗauki furar Dogara, ya bar mudun Dogara. Da ma curin nan shi ne abin da yaran bayan kasuwa suke jira, shi ma an toshe.

Nomau bai yi musu ba. Ya sami wani ɗan gora ya rataya a kugu, kowa ya ɗauka ruwan sha ne. In an miƙa masa ƙwarya sai ya koma bayan itace kamar mai kunyar ci a gaban mutane. Haka ya yi ta yi, yana ramewa, wuyansa yana tsawo. Ran nan da rana tsaka, yana cikin huɗa, sai ya kife a kan garma. Abokan aiki suka taru a kansa, wani ya ce a yayyafa masa ruwa, wani ya fizgo goran da ke kugunsa ya tuntsura masa a fuska. Fura ce ta zubo. Ta bi goshinsa, ta bi gemunsa, ta shiga ƙasa. Furar da bai sha ba da ransa, ita aka zuba masa yana cikawa.

Aka aika wa Dogara, don shi kaɗai baƙin suka sani da mutunci a garin. Ya ɗingiso ya zo, ya goge wa mamacin fuska da gefen rigarsa, ya ɗauki goran da ɗan abin da ya rage a ciki, ya nufi bayan kasuwa. Kafin ya buɗe baki ya gaya wa matar, ƙaramar yarinyar ta gane goran ubanta, ta karɓa ta kafa kai. Ya tsaya ya bar ta ta shanye tukuna.

Sarkin Noma ya ji tausayi ƙwarai, har ya aiko da farin yadi mai kyau a yi likkafani, jama'a suna ta yaba masa. Ihu bayan hari. Kuɗin yadin nan da ya ciyar da gidan Nomau har sabon gero ya fito. Da suka gamu a hanyar maƙabarta, Dogara ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, da ka ba shi wannan a mudu." Bai ƙara ba, bai kuma sake tayar da zancen ba har ya mutu.

Na ga wasunku suna jira in ce Dogara ya haƙa gona ya tarar da tulun zinariya, ko rumbunan Sarkin Noma sun kama wuta. Ba a yi ko ɗaya ba. Ciyawa ta cinye rabin gonar Dogara, ɗan abin da ya girba suka ci da matar Nomau da yaranta har danginta suka zo suka tafi da su. Ya mutu talaka a bencinsa na baya. Sarkin Noma kuwa ya cika rumbuna a shekarar, ƙararrawarsa ta ci gaba da kiran mutane sujada. Hisabinsu yana wurin Wanda ya ga abin da ke cikin goran.

'Yan'uwana, ga abin da Ikkilisiya take koya mana, kuma ba yau ta fara ba. Ladan aiki na gaskiya shi ne wanda zai ciyar da ma'aikaci da iyalinsa, ya bar masa ɗan abin da zai tari ciwo. Yardar da yunwa ta tilasta ba yarda ba ce. Sadaka ba ta biyan hakki, kuma hakkin ma'aikaci in an danne shi, kukansa har gaban Allah yake kaiwa.

Kwanakin nan kowa yana zancen a ƙara mafi ƙarancin albashi. Na ji ku a bakin coci kuna cewa gwamnati ta ji tsoron Allah, albashi ba ya kai tsakiyar wata. Gaskiyarku ne, ku ci gaba da faɗa, ni ma ina tare da ku. Amma kai mai wannan magana, nawa kake ba maigadinka? Ke Mama ta zumuntar matan coci, matar da take miki wanke-wanke da shara, abin da kike ba ta zai sayi mudu nawa a kasuwar yau? Har mu nan, mai share mana cocin nan da mai dafa abinci a gidan Fada, limamin cocinmu, mu tambayi kanmu. Kada kowa ya ce mini ai da yardarsa ne, Nomau ma ya yarda. Kada ku ce ai ina ba shi abinci, ina ba shi tsohuwar riga da Kirsimeti. Sarkin Noma ma ya ba da fura, har da likkafani.

Ba sai an sa hannu a doka za ku cika mudu ba. Gobe in kun miƙa wa mai yi muku aiki abinci, ku ɗan tsaya ku gani ko ya ci. In kun ga yana neman leda ya ƙulla, to, kun san abin da kuke biyansa bai kai gida ba. Allah ya ba mu ikon gyarawa tun mai goran yana tsaye da ƙafafunsa. Amin.