Kiran Banza da Sunan Jaririya

Ku gyara zama, yau alƙalanci za ku yi mini.

Furera da Saude da Kubura ƙawaye ne, suna aiki a wani ƙaramin kamfani mai manhajar gargaɗin ambaliya. In kogi ya cika, manhajar kan aika saƙo zuwa wayoyin mutanen ƙauyukan bakin ruwa. Sai dai saƙon kan yi awa biyu bai gama zagayawa ba, ga damina ta kankama.

Ita manhaja tarin ƙananan ayyuka ce, wannan ya kira wancan. Furera ta rubuta wata 'yar manhaja mai karanta rubutun babbar layi-layi, ba tare da an kunna ta ba, tana bin kowane kira ta ga ko yana da amfani. Ta zaƙulo kira ɗari biyu da sha ɗaya na banza, masu jinkirta saƙon. Akwai wanda kafin kowane saƙo sai ya sake tambayo tsayin ruwa, alhali an riga an sani.

Saude ta hana a goge su a dunƙule. Kwana huɗu tana bin su ɗaya-ɗaya, har ta ware guda uku. Ta ce, "Waɗannan kamar ba sa komai, amma su ke sake aika saƙo in sabis ya yanke. Ku taɓa su, rabin ƙauyukan ba za su ji labari ba."

Mai kamfanin kuwa ya ce kada a taɓa manhajar sai rani, yana tsoron a ɓata ta. Kubura ta cire sauran kiran a kwafin manhajar, ta shiga kwalekwale har Tungar Maje, wani ƙauyen bakin ruwa, ta gwada a wayoyin masunta. Ta dawo da shaida, ta tsaya wa mai kamfanin a ofis har ya yarda a yi gyaran.

Wata Laraba da la'asar ruwa ya taso. Cikin minti shida kowa ya samu saƙo. Gidaje sun rushe, amma ba a rasa rai ba.

A tudun da aka fake, matar wani masunci, Ɗanjuma, ta haihu. Bayan 'yan kwanaki Ɗanjuma ya zo kamfanin da goro, ya ce, "Jibi suna. Mace ce, kuma sunan wadda ta cece mu zan raɗa mata. Wace ce?"

Ƙawayen uku suka dubi juna.

To, ku faɗa mini: sunan wa ya dace a sa wa yarinyar nan?