Jarkokin Gariba

Akwai wani direban tasi a unguwar Tompkinsville ta Amurka mai suna Gariba, ɗan Zangon Kumasi na ƙasar Ghana. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Tun a gida ya sha kwana a layin mai, duk lokacin da jirgin da ke kawo wa ƙasar fetur ya makara.

A 2012 ya ji a rediyo an ƙaƙaba wa Iran takunkumi, farashi na ta hawa. Sai ya shiga cika jarkoki yana jerawa a gareji. Abokai suka yi ta tsokanarsa, wai ya kwaso Ghana ya kawo Amurka.

Ai kuwa guguwar Sandy ta zo. Jiragen mai suka kasa shigowa, gidajen mai suka rufe, layi ya miƙe ba a ganin ƙarshensa. Gariba har wani ƙasaita yake yi.

Ana haka maƙwabciyarsa Nimatu ta ƙwanƙwasa ƙofa. Mahaifiyarta, Hajiya Zinariya, wankin ƙoda ake yi mata. Wurin da take zuwa babu wuta, an tura su wani mai nisa, motarsu kuma ba ko ɗigo.

"Kawu, don Allah galan biyu na fetur. Mma ta rasa appointment ɗinta na wankin ƙoda, ƙafafunta sun kumbura."

Gariba ya kawar da kai. "Ɗiyata, ba wanda ya san ranar da abin nan zai ƙare. Ku jira gobe, ƙila layi ya ragu."

Hajiya da kanta ta ce a jira, ba ta son damun mutane. Da aka kira motar asibiti, ruwa ya riga ya cika mata ƙirji. Ba ta dawo gida ba.

Maƙabarta tana New Jersey, masu rakiya kuma ba su da mai. Gariba ya buɗe gareji da kansa, yana ɗura wa mota bayan mota.

Nimatu ta tsaya tana kallon jarkokin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ashe suna da yawa haka, Kawu."

Har yau ƙamshin fetur na sa Gariba kuka.

Darasi: Tanadi abu ne mai kyau, amma kada tsoron gobe ya hana ka taimakon wanda ransa ke hannunka yau. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.