Farfesa Merriweather da Mai Gugar Asibiti

Akwai wani farfesa a Detroit, Thaddeus Merriweather, mai ji da kai na ƙarshe. Littattafan waƙoƙi guda biyu kacal ya taɓa wallafawa, amma in yana taku sai ka rantse shi ya ƙirƙiro haruffa. Shi ke jagorantar zaman marubuta baƙar fata duk Asabar a cocin unguwa.

Wata Asabar, Lavinia Pruitt, mai guga a ɗakin wankin asibiti, ta miƙe tana karanta labarinta: wasu baƙar fata sun shiga kumbo, sun kafa gari a wata duniyar.

Bai bari ta kai shafi na biyu ba.

"'Yar'uwa, gidan haya ma hana mu ake yi a unguwar Turawa, ke kina can kina rabon filaye a sama? Koma wa gugarki, ta fi ki amfani."

Aka bushe da dariya. Lavinia ta ce, "Farfesa, so nake 'ya'yanmu su ga cewa gobe ma da mu a cikinta."

"To a sauka lafiya," in ji shi.

Ba ta sake zuwa ba, amma ba ta ajiye alƙalami ba. Littafi tara ta rubuta kafin ta rasu. Aka fassara su, aka sa su a manhajar makarantu.

Da wata jami'a ta shirya taron tunawa da ita, sai ga Merriweather da sandarsa, ya nemi kujerar gaba. Ba kunya ba tsoron Allah ya karɓi lasifika.

"Ni na gano ta! A hannuna ta koyi rubutu."

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Farfesa, cikin littattafanta wanne ya fi burge ka?"

Ya gyara tabarau. Ya yi tari. Ya sha ruwa.

"To... wannan na... na kumbon nan."

"Duka taran akwai kumbo, Farfesa."

Ƙanwar marigayiya ta taso, ta zare lasifikar daga hannunsa, ta ce, "Zauna ka huta, Baba. Bari waɗanda suka karanta su yi magana."

Darasi: Kada ka raina mafarkin wani don ya fi ƙarfin tunaninka. Wanda ka yi wa dariya yau, gobe kana iya neman raɓa sunanka da nasa, ka kunyata. Tura wa wani ya amfana.