Ganyen Inna Kulu

Malamin nan na Gyadi-Gyadi, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a fiƙihu da tafsiri, ma'abocin zuhudu da tsantseni, wanda ya shekara arba'in tsakanin zaurensa da masallaci, har ana zaton bai san an yi gadar sama a Kano ba.

Malam Bello na Tarauni kuwa ilimin tsirrai ya karanta a jami'a, kuma labarin karama bai taɓa hana shi shan shayinsa ba. Sai ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Kulu, daga duwatsun Riruwai, ta zo birni ta daina cin abinci. Asibiti sun auna komai, sun ce lafiyarta ƙalau, ita kuma tana ta ramewa cikin wannan lafiyar. Abu ɗaya take so, wani ganye mai ɗaci-ɗaci da ke fitowa a tsagar dutse, wanda mutanen can ke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, su sha ruwansa don ciwon ciki. Ga bazara, ko a can babu shi. Masu magani na Kurmi suka ba shi iri uku, ta shinshina ta ce, "Bello, wannan kai wa akuya."

Matarsa Hajara ce ta matsa masa, ya je wurin Malamin na Gyadi-Gyadi, yana tsammanin rubutu. Malam ya saurare shi, ya ce a natse, "Feshin da ka yi niyya gobe, dakata da shi. Ka fita da tsohuwa ta ga ciyawar tukuna."

Bello ya sha mamaki, domin maganin kashe ciyawar yana cikin but ɗin motarsa, ko Hajara bai gaya wa ba. A bayan katangarsa akwai tulin dutsen gini da tifa ta juye shekara uku da suka wuce, ya yi kore, shi Bello ya so ya fesa don tsoron maciji. Da hantsi ya riƙo Inna suka zagaya. Ta tsuguna, ta tsinki ganye, ta murza, ta kai hanci.

"Shi ne. Kai da digirinka kullum kana wuce shi?"

Ranar ta cinye kwano guda, ta nemi ƙari.

Bello ya yi bincikensa: irin ganyen ya biyo duwatsun ne daga inda aka fasa su, ruwan alwalar Inna da ke bi ta ƙarƙashin katanga shi ya tsirar da shi. Duk ya gamsu, sai maganar feshi. Ya koma ya tambayi Malam yadda ya sani.

Malam ya ce, "Ta ci?"

"Ta ci, Allah gafarta Malam."

"To, alhamdu lillahi."

Har yau Bello na cewa akwai bayani, bai dai same shi ba tukuna. Gininsa kuwa ya sayo masa wani dutsen, wancan tulin ya kewaye shi da shinge.

Tsarki ya tabbata ga Mai tsirar da kore a tsagar dutse, Mai sanar da bayinSa na gari abin da Ya so. Allah Ya ɗaukaka darajar Malam, Ya ba mu albarkarsa, mu da masu neman bayani. Amin.