Mai I'ina da Hangamau

Tun zamanin da ba a san bindiga ba, a wani daji da yanzu duk ya zama gonaki, an yi wani dodon dabba da ake kira Hangamau. Ya fi giwa tsawo, haƙorinsa ɗaya ya kai taɓarya, ɓauna kuwa loma biyu yake yi mata. Irinsa duk sun ƙare, shi kaɗai ya rage, tsoho, ido ya dushe, sai kunne kamar na munafuki. Wani rani ya zo ya tare a bakin tafki ɗaya tilo da mutane ke sha. Randuna suka bushe. Ko a kashe shi, ko gari ya watse.

Maharban wancan lokaci, Allah ya raba mu da wauta, suna da al'ada: ba a sakin kibiya sai an tsaya an yi kirari, har da kiran kakanni bakwai. Sarkin Baka Arzika ya fara fita, layu har wuya. Ya dogara baka a ƙasa, ya ware murya: "Sai ni Arzika, guguwa mai tumɓuke kuka, ɗan Gije, jikan..." Bai kai ga kakan ba Hangamau ya haɗiye shi. Dabbar da ba ta gani, ka tsaya kana yi mata shelar inda kake! Maharba tara suka bi sahunsa, kowa ya tafi da guntun kirarinsa a baki. Cikinsu ba wanda ya ce ko a gwada yin shiru.

Saura Nomau, wanda bai taɓa harbin abin da ya wuce zomo ba, don i'ina ta hana shi kirari, maharba kuma ba sa tafiya da shi. Da ya saɓa kwari, gwaggonsa Dudu ta riƙe haɓa.

"Kai ɗan nan, kafin ka gama faɗin sunanka ai har ya sha ruwa ya kwanta."

"Sh-shi ya sa ba zan f-faɗa ba, Gwaggo."

Da hantsi ya cire takalmi, ya lallaɓa. Ya tarar da Hangamau kwance, ya kafa kunne yana jiran abinci ya sanar da kansa kamar kullum. Shiru. Jira ya ishe shi, ya wangame baki zai yi hamma, Nomau ya dasa masa kibiya mai dafi a ganɗa. Kafin rana ta karkata ƙaton banza ya miƙe ƙafa. Da haka irinsa ya ƙare a duniya, bai ko san sunan wanda ya kashe shi ba.

Mutane suka dawo da gidajensu bakin ruwan, nan ne garin da ake kira Tafkin Nomau, mai taken shiru maganin mai kunne. Har gobe maharbin garin ba ya kirari sai nama ya kai ƙasa. Jikokin Arzika kuwa su ke yi wa gari shela. An duba abin da gidansu ya iya, aka bar musu.