Golan da Ya Ce A Sake

A shekarun da tashar talabijin ɗaya ce tak a garinmu, akwai wani wasan kwaikwayo na yara da ake nunawa duk Asabar da la'asar, labarin 'yan makaranta da ƙungiyarsu ta ƙwallo. Da an saki kiɗan farawa sai titi ya yi wayam, wanda aka aika ma ya manta da aiken. Tauraron shirin ɗan ajinmu ne, mai fitowa a matsayin gola. Maganaɗisu ake ce masa, don a talabijin ƙwallo ba ta taɓa wuce hannunsa ba. Yaro ne mai fara'a da iya magana, amma yabo ya fasa masa kai har ya manta yadda ake haɗa abin.

Mu kuwa ba mu manta ba, don a filin makarantarmu ake ɗauka. Darakta zai sa mai bugu ya auna hannun Maganaɗisu, ya buga a hankali. In ta suɓuce sai a ce a sake, wani lokaci har sau goma. In an zo wajen tsalle da faɗuwa, sai a kira golan makaranta na gaskiya, wanda muke ce wa Shiru-shiru, a sa masa rigar, a ɗauke shi ta baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A wata shekara ƙungiyarmu ta kai wasan ƙarshe na kofin makarantu, abin da ba mu taɓa yi ba, kuma hannun Shiru-shiru ne ya kai mu. Ana saura kwana biyu Maganaɗisu ya je wajen hedimasta ya ce shi zai tsare raga, tunda shi jama'a za su zo gani. Malamin wasanni ya ce sam, yaron da ko sau ɗaya bai zo atisaye ba? Amma hedimasta ya ji labarin 'yan talabijin za su zo da kyamara, sai ya goyi bayan tauraro. Shiru-shiru ya cire safar hannu ya miƙa.

Ranar wasa fili ya cika maƙil, har kan katanga da rassan bishiya. Da Maganaɗisu ya fito yana ɗaga hannu, ihu ya ɗauka ko'ina. Kai, har mu da muka san sirrin sai da muka yi tsalle!

Minti biyar da busa usur, ɗan gaban abokan karawarmu ya yanke mutum biyu ya sheƙo da gudu. Shi ba wanda ya ce masa ya auna hannu. Ya narka ƙwallo a kusurwa, raga ta girgiza. Maganaɗisu ya tsaya sororo, sannan ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba, ya ɗaga murya: "A sake, ban shirya ba!"

Sai dariya ta ɓarke a fili. Alƙalin wasa ya matso yana danne tasa dariyar, ya ce, "Yaro, nan ba a sakewa."

Kafin hutun rabin lokaci an zuba masa uku. Malamin wasanni bai ko kalli hedimasta ba, ya mayar wa Shiru-shiru safarsa. Nan muka ga aiki! Ya tashi sama, ya faɗi ƙasa, ya kaɗe bugun fanareti, ba a ƙara cin mu ba. Muka rama ɗaya, muka rama biyu, muryoyinmu suka dishe. Muna neman ta uku aka busa tashi. Kofi ya tafi da ƙwallo ɗaya, kuma har yau abin yana mini ciwo.

Darakta yana gefe ya ga komai. Da aka dawo ɗaukar shirin, sai ya juyo da kyamara ta fuskar Shiru-shiru. Shi kuwa wancan, sunan Maganaɗisu ya bi ruwa. Yanzu har furfura ta fito masa, amma in mun haɗu a hanya, A-Sake muke ce masa, kuma yana amsawa.

Darasin a nan shi ne, tafi ba ya mayar da mutum gwani. In an yabe ka, ka tuna da waɗanda suka goge gwiwa don ka haska, kada ka ƙwace gurbin da ba ka yi wa gumi ba. Ka koyi abu tun ana iya ce maka a sake, domin akwai ranar da dama ɗaya ce tak.